Mahaifinmu ya bar wasiyya a wurin lauya, ya ba amarya gida: me kotu za ta ce?

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa a Zariya, ga ta a taƙaice. Mahaifinsu ya rasu wata biyu da suka wuce. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa da ranta, da 'ya'ya 12, maza 5 mata 7. Bayan an share makoki sai ga wani lauya da ambulan, a ciki akwai wasiyya da Turanci, da sa hannun marigayin da na shaidu biyu. Takardar ta ba amarya da 'ya'yanta huɗu gidan da marigayin yake zaune a ciki, ta ware naira miliyan 3 ga jikokinsa biyu marayu waɗanda ubansu ya riga shi rasuwa, da miliyan 1 ga Islamiyyar unguwa, sauran kuma a raba. Da 'yan ɗakin uwargida suka ce ba su yarda ba, lauyan ya ce musu Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke hukunci cewa Musulmi yana da ikon rubuta wasiyya yadda ya ga dama. Mai tambayar yana son sanin ko haka ne, da kotun da za su je, da kuma ko gwamnati tana da haraji a cikin gadon.

Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi.

Abin da lauyan nan ya gaya muku gaskiya ne, amma ya tsaya a 1971, kuma an yi tafiya mai nisa bayan nan. Shari'ar da yake nufi ita ce ta Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi ne ya rubuta wasiyya bisa tsarin dokar Ingila, ya fifita wasu magadansa a kan wani ɗansa, ɗan ya kai ƙara. Alƙalin da ya fara sauraron ta a Babbar Kotu shi ne Mai Shari'a Mohammed Bello, mutumin Katsina, wanda daga baya ya zama Babban Jojin Najeriya daga 1987 zuwa 1995. Shi ya ce Musulmi zai iya rubuta wasiyya, amma ba zai tsallake iyakar da mazhabar Malikiyya ta gindaya masa ba. Da aka ɗaukaka ƙara, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa. Hujjarta ita ce Dokar Wasiyya ta Ingila ta 1837 tana cikin dokokin da Najeriya ta gada, waɗanda suke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, kuma wannan dokar ta ba kowane mutum ikon raba dukiyarsa yadda yake so. A wancan lokacin dokokin Arewa sun jera shari'ar Musulunci a sahu ɗaya da al'adar gargajiya, al'ada kuwa ba ta aiki idan ta ci karo da rubutacciyar doka. Saboda haka aka ce iyakar Malikiyya ta ba dokar Ingila hanya.

Wannan hukunci ya ƙona wa malaman shari'a na Arewa rai ƙwarai, an yi ta rubuce-rubuce a kansa. Maganin da aka samo shi ne jihohi su yi nasu dokokin wasiyya, domin dokar Ingila tana aiki ne kawai inda jiha ba ta yi tata ba. Kaduna ta yi tata, tana cikin kundin dokokin jihar na 1991. Kwara ta yi, Oyo ma ta yi. A cikin waɗannan dokoki an sa togaciya ƙarara: dokar ba ta shafi wasiyyar mutumin da shari'ar Musulunci ce take hukunta al'amuransa har zuwa rasuwarsa ba. Zariya a jihar Kaduna take. Ke nan ginshiƙin da aka ɗora hukuncin 1971 a kai an cire shi a jiharku fiye da shekara 30 da suka wuce.

An gwada wannan togaciyar a kotu. A shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 2007, wani Alhaji ne a jihar Kwara ya rubuta a cikin wasiyyarsa, da bakinsa, cewa duk da shi Musulmi ne ya zaɓi a raba dukiyarsa bisa dokar Ingila. Kotu ta ce wannan zaɓin ba a hannunsa yake ba. Dokar 1837 ba ta aiki a Kwara tunda jihar tana da tata, shi kuma ya rayu yana Musulmi ya rasu yana Musulmi, don haka wasiyyar ta faɗi, aka mayar da dukiyar ga rabon Musulunci. Idan wanda ya fito fili ya ce ba ya son rabon Musulunci bai tsira da wasiyyarsa ba, ina ga ta mahaifinku, wanda ban ji ka ce ya faɗi haka ba. Ko matsayin da aka ba shari'ar Musulunci a 1971 ma bai tsaya yadda yake ba. A 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello da ta taso daga Sakkwato, Kotun Ƙoli ta bakin Mai Shari'a Wali ta ce shari'ar Musulunci daban take da al'ada, domin ba ta wata ƙabila ba ce.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Gida da fili sukan bi dokar jihar da suke. Idan Baba yana da wani gida a jihar da ba ta sa irin wannan togaciyar ba, lauyan amarya zai iya ɗaga hukuncin 1971 a can, kuma za a yi gumi kafin a kayar da shi. Ku bincika wannan tun yanzu.

To, tunda an dawo gida, me shari'a ta ce game da takardar? Ni ban yarda a ce a yaga ta a zubar ba, kuma nan ne nake yawan saɓawa da 'yan ɗakin uwargida idan suka zo ofishina da zafinsu. Takardar ta ƙunshi abubuwa biyu masu hukunci daban-daban.

Wasiyya a Musulunci tana da iyaka biyu. Ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan biyan bashi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya nemi ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa aka tsayar da shi a kan sulusi, aka kuma ce sulusin ma da yawa. Iyaka ta biyu, babu wasiyya ga magaji. Amarya magajiya ce, 'ya'yanta magada ne. Saboda haka maganar gidan ba ta zartuwa, sai fa idan sauran magada sun amince da bakinsu bayan rasuwar, suna baligai masu hankali, ba tare da an matsa musu ba. A Malikiyya wannan amincewar ana ɗaukar ta kyauta ce daga su magadan, kowa daga rabonsa. Wanda ya yafe, nasa ya yafe. Ƙaramin yaro kuwa babu mai yafewa a madadinsa, ko uwarsa ce, ko wan babansa.

Jikokin nan marayu fa? Su ba magada ba ne, domin 'ya'yan marigayi maza sun shamakance su. Islamiyya ma ba magajiya ba ce. Waɗannan su ne ainihin waɗanda aka buɗe ƙofar wasiyya dominsu. A Masar tun 1946 doka ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wani kaso ko kakan bai yi wasiyya ba. Kotunanmu na nan ba sa bin wannan, don haka maraya irin wannan ba shi da komai sai abin da kakansa ya tuna ya rubuta masa. Mahaifinku ya tuna. Ina roƙonku don Allah kada rigimar gida ta cinye wa yaran nan miliyan ukunsu. Abin da kotun shari'a za ta nema shi ne shaida. A Malikiyya, ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, ba a zartar da wasiyya sai ya kafa shaidu a kanta ko ya ce a zartar, domin mutum yakan rubuta abu ya fasa. Ku nemo mutum biyun da suka sa hannu. In adilai ne kuma suka tabbatar ya ce musu wannan wasiyyarsa ce, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda nake tsammanin shari'ar za ta karkata, domin na ga haka ba sau ɗaya ba. Da zarar ɓangaren amarya ya gane wasiyya ba za ta tsaya ba, sai magana ta koma: ai ba wasiyya ba ce, kyauta ce, tun yana da rai ya ce ya ba ta gidan, takardar tabbatarwa ce kawai. Wannan da'awa ce mai ƙarfi in ta tabbata, domin abin da mutum ya bayar kyauta yana da lafiyarsa ya fita daga dukiyarsa, ba ya shiga rabo, kuma babu iyakar sulusi a kansa. Sai dai kyauta a Malikiyya ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In ya rasu abin yana hannunsa, kyautar ta ɓaci, ta koma gado. In kuma a cikin ciwon ajali ya bayar, hukuncinta na wasiyya ne, mun dawo kan babu wasiyya ga magaji.

Akwai mas'ala a Muhtasar na Shehu Halilu, littafin da alƙalanmu suke dogara da shi kullum, wadda kamar don gidanku aka rubuta ta. Idan mace ta ba mijinta kyautar gidan da suke zaune, suka ci gaba da zama tare har ta rasu, kyautar ta inganta. Idan miji ne ya ba matarsa gidan da suke zaune, ya ci gaba da zama a ciki har ya rasu, ba ta inganta ba. Dalilin shi ne samar da wurin zama wajibin miji ne, don haka zamansa a gidan yana nuna har yanzu gidan a hannunsa yake, zamanta kuma zaman aure ne, ba ya zama karɓar kyauta. Haka nan uba yana iya riƙe wa ƙananan 'ya'yansa abin da ya ba su kyauta in ya kafa shaidu, amma banda gidan da yake kwana a ciki. Wannan sai ya kwashe kayansa ya fita shaidu sun gani. Ka ce Baba a turakarsa ta wannan gidan ya yi jinya. In haka ne, da'awar kyauta tana da tudu mai wuyar hawa a gabanta. Amma ka tambayi kanka tsakani da Allah: an taɓa sauya sunan da ke kan takardun gidan? Akwai shaguna a jikin gidan da amarya take karɓar hayarsu tun yana raye? Ya taɓa tara ku ya faɗa? Amsoshin nan za su fito a kotu ko ka so ko ka ƙi, gara ka san su tun a gida.

A gaban alƙali, mai da'awar kyauta ita za ta kawo hujja: maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya da rantsuwarta, tunda maganar dukiya ce. Za a ba ku damar sukar shaidun. Kuma duk wanda ya zo yana bin mamaci wani abu, bashi ne ko waninsa, bayan shaidunsa akan ƙara masa rantsuwar da ake kira yaminul ƙada'i, domin wanda zai musa yana kabari. Kafin a yanke hukunci kuma dole alƙali ya yi i'izari, ya tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana ko hujja. Kotunan sama sun sha rushe hukunci saboda an tsallake wannan matakin kaɗai. Ka sa ido a rubuta shi a cikin kundin shari'ar, don kada ku yi nasara yau a dawo da ku farko bayan shekara uku.

Batun wace kotu. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha take da hurumi a kansu, a ciki akwai waƙafi da kyauta da wasiyya da gado idan mai bayarwa ko mamacin Musulmi ne. Don haka rabon gadonku a kotun shari'ar Musulunci zai fara, kuma dukiya mai yawa irin wannan babbar kotun shari'a ake kai wa. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, inda tsarin mulki ya ce alƙalai aƙalla uku masana shari'ar Musulunci ne za su zauna, sai Kotun Ƙoli. Amma shi lauyan da ke riƙe da takardar ba can zai nufa ba. Zai kai ta ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun Jiha ya nemi a tabbatar da ita a ba masu zartarwa izini. Abu na farko da za ku yi ke nan, tun kafin komai, ku sa lauyanku ya shigar da takardar ƙin amincewa a wannan ofishin, wadda take hana a ba da izinin sai an saurare ku. In kuka yi sakaci aka ba da izini aka fara sauya sunaye a takardu, warware shi yana yiwuwa amma da tsada da ɓata lokaci.

Akwai wani rami da mutane da yawa suke faɗawa. Idan wani bare ya fito ya ce ai Baba ya sayar masa da gonar kaza ko filin kaza, wannan ya tashi daga maganar gado ya koma rikicin mallakar ƙasa. A shari'ar Magaji da Matari a 2000, Kotun Ƙoli ta ce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ba ta da hurumin sauraron rikicin mallakar ƙasa zalla wanda bai shafi abubuwan da tsarin mulki ya lissafa mata ba, ko da duka ɓangarorin Musulmi ne. Mutane sun yi shekaru suna cin nasara daga kotu zuwa kotu, a ƙarshe a ce musu hanyar da suka biyo tun farko ba ita ba ce. Filin da ke da satifiket ɗin gwamna kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Babbar Kotun Jiha ita kaɗai hurumin rikicin mallakarsa. Ku ware duk abin da ake jayayya da bare a kansa, ku raba wanda babu jayayya, kada abu ɗaya ya riƙe hakkin mutum 15.

Bari mu yi lissafin da alƙaluman da ka ba ni. Ka ce an ƙiyasta duka dukiyar a kan naira miliyan 55, gidan a ciki miliyan 20, kuma ana bin Baba miliyan 3. Bayan hidimar jana'iza, bashi ake fara fitarwa, saura miliyan 52. Sulusinta ya haura miliyan 17, wasiyyar jikoki da Islamiyya kuwa miliyan 4 ce, ta shige ba tare da neman iznin kowa ba. Saura miliyan 48. Matan biyu suna da tumuni, ɗaya cikin takwas, miliyan 6, kowacce miliyan 3, babu bambanci tsakanin wadda ta shekara 40 a gidan da wadda ta shekara 12. Hajiya kakarku tana da sudusi, ɗaya cikin shida, miliyan 8, kuma ita ce aka fi mantawa da ita a irin wannan rabo, a ce tsohuwa me za ta yi da kuɗi. Hakkinta ne, ayar da ta ba ku ita ta ba ta. Saura miliyan 34 ga 'ya'ya. Maza 5 kashi bibbiyu, 10 ke nan, mata 7 kashi ɗai-ɗai, jimla 17. Kowane kashi miliyan 2: namiji miliyan 4, mace miliyan 2.

Dubi ɗakin amarya yanzu. Ka ce 'ya'yanta maza biyu ne mata biyu. Ita miliyan 3, maza miliyan 8, mata miliyan 4, jimla miliyan 15. Gida miliyan 20. Duk wannan tashin hankalin a kan tazarar miliyan 5 ake yin sa. In aka bar musu gidan a matsayin rabonsu, suka yi cikon miliyan 5 a hankali, ko waɗanda Allah ya hore wa a cikinku suka yafe wani abu daga nasu, an cika burin Baba na kada ƙananan 'ya'yansa su rasa matsuguni, ba a kuma taɓa hakkin kowa ba. Irin wannan sulhun halal ne, kotu tana karɓarsa ta rubuta shi ya zama hukunci, sai dai alƙali zai duba ya tabbatar ba a cuci ƙananan yara a ƙimar da aka yi wa gidan ba. Ni a ganina mahaifinku bai yi nufin zalunci ba. Ya dubi manyan 'ya'yansa kowa da gidansa, ya dubi na goye, tsoro ya kama shi, ya je wurin wanda bai gaya masa iyakar dokar jiharsa ba.

Na taɓa riƙe wata shari'a mai kama da wannan. Gida ne mai shaguna huɗu a gaba. Da rikici ya yi zafi kowane ɗaki ya sa nasa kwaɗon a ƙofofin shagunan, kwaɗo biyu-biyu a kowace ƙofa, 'yan haya suka kwashe kayansu. Damina uku aka yi ana zuwa kotu. Ranar da muka je da ma'aikatan kotu a yi wa gidan ƙima, rufin ɗakin tsakiya ya rufta, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida, ga wata yarinya 'yar shekara kamar tara, autar marigayin, tana tsaye a zaure da takalmin makarantar da ta daina zuwa saboda babu mai biyan kuɗin. Kuɗin da aka sayar da gidan bai kai abin da aka taya shi a shekarar farko ba. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki. Ko da ka san abin da za ta haifa, ba ka san watan haihuwar ba. Dubi shari'ar Ukeje da Ukeje: mahaifin ya rasu a 1981, 'yarsa Gladys ta yi ta shari'a har 2014 kafin Kotun Ƙoli ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki. Ta yi nasara, bayan fiye da shekara 30.

Wannan hukuncin na Ukeje a kan al'adar wasu aka yi shi, amma ya kamata ya sa mu duba namu gidan. Har yanzu a ƙauyukanmu da yawa ana cewa mace ba ta gadon gona, a ba ta 'yan kuɗi ko buhun hatsi a ce an sallame ta, ko a ce rabonta yana hannun yayanta har ta mutu ba ta gan shi ba. Babu inda shari'a ta ce haka. 'Yan'uwanka mata bakwai suna da kasonsu a kowace gona da kowane shago, kuma in za a sayi rabon wata a biya ta da farashin kasuwa, da yardarta, a gaban shaidu. In kuma wani magaji ya sayar wa bare da kasonsa a gidan da ba a raba ba, sauranku kuna da shuf'a, ku biya abin da baren ya biya ku karɓe. Maƙwabci ba shi da wannan hakkin a Malikiyya, abin da aka yanke ke nan a shari'ar Alkamawa da na ambata.

Kafin a kai ga rabo, ku tantance abin da yake na Baba da wanda ba nasa ba. Kayan ɗakin mata nasu ne. Sauran sadakin da bai biya ba bashi ne, yana fita tare da basussuka. In kasuwancinsa kamfani ne mai rajista, motoci da kayan da ke da sunan kamfanin na kamfanin ne, abin da kuka gada shi ne hannun jarinsa, rikicin tafiyar da kamfani kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai shi. In kuma haɗin gwiwa yake yi da wani ƙaninsa ba takarda, kamar yadda aka saba a kasuwanninmu, ku zauna da dattawan kasuwar da suka san asalin jarin tun suna raye. Wanda aka rubuta sunansa a fom ɗin banki ko na fansho a matsayin makusanci, wannan bai mayar da kuɗin nasa ba, a rabo za su shiga. Banki kuma yawanci ba zai saki kuɗi ba sai an kawo masa takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu.

Haraji kuwa, Najeriya ba ta da harajin gado a yanzu. An taɓa kafa wani a 1979, aka soke shi a 1996. Lokacin muhawarar sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025 an yi ta fargaba a Arewa cewa za a dawo da shi ta bayan gida, masu tsara dokokin suka fito suka ce babu shi a ciki. Abin da za ku biya shi ne kuɗin kotu, da kuɗin ofishin rajista in kuka nemi takardar izini, wanda akan lissafa bisa ƙimar dukiyar kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ku karɓi rasit a kan kowace naira. Kuɗin ƙasa da Baba bai biya ba a kan filayensa masu satifiket bashi ne a kan dukiyar. Hayar da gidajen za su kawo bayan rabo kuwa kuɗin shiga ce ta wanda ya gada, hukuncinta na kowace irin haya ne.

Amarya tana cikin takaba, sauran ta wata biyu da kwana goma bisa lissafinka. Tana da hakkin zama a wannan gidan har ta fita, ko wasiyya ta tsaya ko ta faɗi, babu mai ikon ce mata ta tattara kayanta. Ku sa wata dattijuwa ta tambaye ta cikin mutunci ko akwai juna biyu, domin in akwai, a Malikiyya ana dakatar da rabo sai ta haihu. A wannan tsakanin ku shigar da takardar ƙin amincewar a ofishin rajista cikin makon nan, ku rubuta duk abin da Baba ya bari da wanda ake bin sa a gaban wakilin kowane ɗaki, ku yi hoton wasiyyar kowa ya riƙe kwafi. Sannan ka ɗauki lissafin nan na miliyan 15 da miliyan 20 ka kai wa Hajiya kakarku da waliyyin amarya, ku zauna da malamin da ya san fara'ili, wato ilimin rabon gado, kafin kowa ya je ya yanki sammaci.